Ƙanina zai tafi karatu Finlan, yaya sanyin can yake?

Yayan Usama, Gombe:
Salam jama'a. Ƙanina ya samu gurbin karatu a garin Oulu, can arewacin Finlan, kuma wallahi tun da Hajiyarmu ta ji an ce har teku daskarewa yake yi ta kasa barci. Yaron nan ko hunturun nan namu na Gombe sai an yi da gaske yake fita sallar asuba, kullum yana rakuɓe gindin murhun mai shayi da bargo. Na shiga gwanjo na sayo masa rigunan sanyi biyu da safa, don Allah sun isa? Wanda ya san can ya taimaka.

Ɗan Bauchi a Turai:
Wa'alaikumus salam yayana. Shekara uku na yi a garin. Rigunan ya tafi da su amma na ciki ne kawai, babbar riga da takalmi sai ya isa can ya saya, don a Janairu sanyi yana kai digiri 20 ƙasa da sifili, wani lokacin har 30, ka fito gashin hancinka ya daskare, numfashinka ya zama farar ƙanƙara a gemu. Amma ka gaya wa Hajiya ta kwantar da hankalinta, ɗakuna da motocin haya duk da ɗumi, da singileti nake kwana.

Abin da ya fi ba ni wuya duhu ne. Ƙarshen Disamba rana sai wajen goma da rabi take leƙowa, ƙarfe 2 ta faɗi, kana idar da azahar la'asar ta shigo, kafin ka gama lazimi an yi magariba. Shekarata ta farko kulle kaina na yi a ɗaki, ba ci ba fira, haka kawai sai in ji hawaye. Ya riƙa shan bitamin D, kuma ya fita kullum ko ba ya so. Mutanen garin a kan ƙanƙarar suke tuƙa keke zuwa aiki, har 'yan firamare.

Maman Hanifa:
Allah sarki Hajiya, uwa ke nan. Ki ce, au ka ce mata ta haɗa masa man kaɗanya da yawa da yaji da kuka da kuɓewa busasshiya. Fatar da ke tsagewa a hunturun nan ina ga can.

Ɗan Bauchi a Turai:
Gaskiya ne Maman Hanifa, man kaɗanya ya yi min rana. Na manta ban faɗa ba, in abokan karatu suka gayyace shi sauna kar ya ƙi, kamar surace ne, ɗakin katako mai zafi wajen digiri 80, ana watsa ruwa kan duwatsu masu zafi tururi ya tashi, ya ɗaura tawul ɗinsa ba mai hana shi. Wasu daga nan suke faɗawa ramin da aka fasa a ƙanƙara, wannan kam ban taɓa ba. Ya je kallon hoki ma, wasan da ake bugawa da sanda a kan ƙanƙara, ƙungiyar garin Kärpät ce, yadda muke haukar ƙwallo haka suke yi, ƙasar Finlan ce ma ta ci zinaren hokin maza a gasar Olamfik ta 2022. Ni kamun kifi ya fi burge ni, dattijo zaune kan bokiti a tsakiyar teku ya huda ƙanƙara ya zura ƙugiya, awa biyu ko tari bai yi ba.

Yayan Usama, Gombe:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yanzu na karanta wa Hajiya, ta ce a tambaye ka azumi fa, awa nawa ake yi?