Ranar da cikakken kwafi ya zo hannu

Tsohon Malami

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina so in ji ko akwai wanda irin abin da ya same ni ya taɓa samu, wato mutum ya tashi yana ƙaunar wani littafi, ko waƙa, ko fim, alhali kwafin da ya sani naƙasasshe ne, sannan bayan shekaru masu yawa Allah ya haɗa shi da cikakken.

Nawa labarin na wani littafin bincike ne, irin wanda ake kashe mutum a babin farko, a yi ta neman wanda ya aikata har ƙarshe. Ina ɗan shekara 13 na tsince shi a ƙasan akwatin yayana, ba bango, ba sunan marubuci, kuma ya tsaya cak a shafi na 176, a tsakiyar jimla, daidai inda mai binciken ya tara mutanen gidan a ɗaki ɗaya ya ce zai faɗi sunan mai laifin. Sai da na girma na gane dalilin tsayawarsa a wannan lamba. Masu ɗab'i kan buga shafuka da yawa a kan babbar takarda guda, su naɗe ta ta ba da shafi 16 ko 32, sannan su jera waɗannan ƙunshi-ƙunshi su ɗinke ko su manne su, shi ya sa tsohon littafin ɗinki yakan zubar da ƙunshi sukutum, kuma na ƙarshe shi ne ke fara bin bango. Ƙunshi 11 masu shafi 16 ne suka rage a hannuna, na 12 ya tafi da amsar.

Na karanta waɗannan shafuka har na daina ƙirga yawan karatun. Na yanke wa kaina hukunci a kan wanda ya yi kisan, na tattara hujjoji, na rubuta nawa ƙarshen a bayan littafin lissafina, kuma na rayu da shi shekara 31 ba tare da kokwanto ba. Bara wani tsohon ɗalibina ya ce in faɗa masa jimla ɗaya da na haddace daga ciki. Ya saka ta a intanet, kafin mu tashi daga zaman ya samo sunan littafin, bayan wata guda kuma ya kawo mini shi sabo fil. Na buɗe shafi na 177 hannuna yana rawa. Ashe ba wanda na zarga ba ne. Ban ce marubucin ya yi kuskure ba, domin da na koma baya na ga ya shuka alamunsa tun babi na uku, ni ne ban lura ba. Amma na kwana biyu ina jin kamar an yi mini rasuwa.

Mai Kaset

Wa alaikumus salam, Malam. Ka sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Ni waƙa ce, kuma daga rediyo na ɗauke ta. Waɗanda suka yi zamanin kaset sun san yadda abin yake: kamfanin Philips ne ya fito da shi a 1963, mai lamba C60 yana ɗaukar minti 30 a kowane gefe, C90 kuma minti 45, kuma idan mutum ba ya so a goge masa abin da ya naɗa sai ya karya 'yan haƙoran nan biyu na saman kaset ɗin. Ni kuwa yaro ne marar kuɗin sabon kaset, don haka na ɗauki tsohon C60 na mahaifinmu, na toshe ramukan da takarda, na jira a sako waƙar. Da aka sako ta saura kamar minti shida gefen ya ƙare, ban sani ba. Mawaƙin yana tsakiyar baiti, 'yan amshi sun buɗe baki ke nan, sai zaren ya ƙare, rikoda ta yi ƙas ta tsaya.

Haka na san waƙar tsawon ƙuruciyata. A farkonta akwai muryar mai gabatar da shiri yana faɗin lokaci, a ƙarshenta akwai wannan ƙas ɗin, a tsakiya kuma akwai wani wuri da sauti yake lanƙwashewa, inda rikoda ta taɓa tauna zaren na zaro shi na mayar da biro. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne batirin da muke amfani da shi kullum a gajiye yake. Zaren kaset yana tafiyar santimita 4.76 a daƙiƙa, idan batir ya yi sanyi tafiyar takan ragu, murya ta yi kauri, kiɗa ya yi nauyi. Da na sami waƙar cikakkiya a waya, minti 11 cur, sai na ji wani mutum mai siririyar murya yana sauri kamar ana korarsa. Na rantse ba shi ba ne, sai da na bi baitocin ɗaya bayan ɗaya na sallama.

Baitocin da ban taɓa ji ba kuwa sun fi na farkon kyau, wannan ba zan ɓoye ba, domin a can ne mawaƙin ya kai ga abin da yake ta kewayawa. Sai dai har yau, duk lokacin da waƙar ta iso wurin nan, kunnena yana jiran ƙas, idan kuma ta wuce ba ta tsaya ba sai in ji kamar na taka matakalar da babu ita.

Uwar Yara Uku

Malam, ni tawa ta zo da rigima ne, kuma da maigidana aka yi ta. Dole in ambaci fim ɗin domin maganar ba ta fahimtuwa sai da shi: Sholay, wanda Ramesh Sippy ya shirya, ya fito a Indiya a watan Agusta na 1975. Na kalle shi ina ƙarama a kaset ɗin bidiyo wanda aka kwafa daga kwafi, hotonsa yana rawa, launinsa ya kode, kuma ba wanda ke jin Indiyanci a cikinmu, sai wata 'yar'uwarmu babba da ke fassara mana da ƙarfin hali, tana saka wa 'yan wasan duk maganar da ta ga ta dace da fuskokinsu. A ƙarshen da na sani, Thakur, tsohon ɗan sandan da aka sare wa hannuwa, ya kayar da ɗan fashi Gabbar yana tattaka shi, sai 'yan sanda suka iso suka hana shi ƙarasawa, suka tafi da ɗan fashin.

Wata rana muna hira na ambaci wannan, sai maigidan ya ce ai sam, Thakur kashe shi ya yi, kuma da idonsa ya gani. Na ce ya haɗa da wani fim ɗin ne, ya ce ni ce yarinta ta ruɗa. Mun yi shekaru muna tayar da maganar jefi-jefi, kowa yana dariyar ɗan'uwansa, har babban ɗanmu ya gaji ya binciko mana. Ashe dukanmu muna da gaskiya. Ƙarshen da aka fara ɗauka shi ne na kisan, amma fim ɗin ya fito ne a lokacin dokar ta-ɓaci ta gwamnatin Indira Gandhi, hukumar tace finafinai ta ƙi yarda a nuna tsohon ɗan sanda yana ɗaukar doka a hannunsa, aka sake ɗaukar ƙarshen da zuwan 'yan sanda. Daga baya wancan na asali ya fita a bidiyo, shi ne maigidan ya ci karo da shi.

Mun zauna mun kalli cikakken, sama da awa uku, da fassara a rubuce a ƙasa. Abu biyu suka ba ni mamaki. Na farko, hoton yana da faɗi ƙwarai, ashe tsohuwar talabijin mai siffar akwati tana yanke gefe da gefe, har akwai wuraren da mutum biyu ke magana amma mu ɗaya muke gani. Na biyu, fassarar 'yar'uwar nan tamu ba ta ko kama hanyar abin da ake faɗa ba, amma a wurare da dama tata ta fi ban dariya. Allah ya jiƙanta, ban samu na tsokane ta a kan haka ba.

Ɗan Zane

Hajiya, Allah ya jiƙanta da rahama. Ni kuma abin da na samu bai yi mini daɗi ba. Na koyi zane ne ta hanyar kwaikwayon littattafan labari cikin zane-zane, musamman na Tintin, wanda Hergé ɗan ƙasar Beljiyam ya fara a 1929. Waɗanda suka zo hannuna da Faransanci suke, ni kuwa ko kalma ɗaya ban sani ba, saboda haka hotunan nake karantawa. Daga wurinsa na koyi jan layi mai kauri ɗaya ba tare da inuwa mai yawa ba, da yadda ake nuna gudu da 'yan ɗigon gumi da ƙura a bayan ƙafa.

Akwai guda da na samu rabinsa kawai, na tafiyarsa Kwango, wanda aka fara bugawa a jarida a 1930. A lokacin namun daji nake kallo, su nake kwaikwaya. Da na yi karatu na sami cikakken, na kuma iya karanta abin da ke cikin kumfar maganar, sai na ga yadda aka zana baƙaƙen mutane da manyan leɓɓa kamar ba mutane ba, aka ba su harshen wawaye, aka sa su suna durƙusa wa yaro Bature da karensa. Na kuma gano cewa da aka sake zana littafin da launi a 1946, an canza wani wuri da Tintin ke koya wa yaran Kwango cewa Beljiyam ce ƙasarsu, aka mayar da shi darasin lissafi, amma fuskokin aka bar su yadda suke. Abin da ya fi damuna shi ne na koma tsofaffin takarduna na tarar ni ma, ina ɗan shekara 11, na kwaikwayi waɗannan leɓɓan da hannuna, da kulawa, ina jin na iya.

Ban daina ganin ƙwarewar mutumin a jan layi ba, kuma sauran littattafansa suna nan a kan kantata. Wannan ɗayan dai na ajiye shi a inda yara ba sa kaiwa, sai sun isa mu karanta shi tare.

Mai Sauraro

Ku dai kun dace, tunda kun samu. Ni wasan kwaikwayo ne na rediyo da nake bi mako-mako, ranar kashi na ƙarshe aka aike ni, na dawo na tarar ana kiɗan rufewa. Na nema bayan shekaru, aka ce mini a wancan zamani gidajen rediyo da talabijin da dama sukan goge zare su sake naɗar wani shiri a kansa saboda tsadarsa, kuma wannan yana cikin waɗanda aka goge. Waɗanda suka ji kashin sun ba ni labari iri uku mabambanta.

Malamar Adabi

Baba Malam, a yi mini afuwa, zan ɗan saɓa wa inda maganar ta karkata, domin kada a ɗauka cewa duk wanda ya sami cikakke sai ya yi asara. Ni kwafina lafiyarsa ƙalau, naƙasar a karatuna take. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito littafi uku tsakanin 1937 da 1939, na karanta shi ina firamare kamar yadda yara ke yi, ina tsallake duk wani wuri da ba labari ba ne. Da zarar aku ya gama labari aka koma fada, sai in juya shafi in nemi kan labari na gaba, domin a ganina wannan ciko ne kawai.

Sai da na fara karanta wa ɗalibai shi da murya, inda ba halin tsallakewa, na gane cewa abin da nake watsarwa shi ne ƙashin bayan littafin farko. Sarki ya tafi yaƙi, Waziri yana ƙulla makirci, ana so a fitar da Musa ɗan Sarki daga gida a hallaka shi, aku kuwa ba shi da makami sai baki, don haka kowane labari dabara ce ta riƙe yaron har gari ya waye. Wanda ya san haka zai ji kowane labari da nauyi biyu, domin yana dariyar abin da ke ciki, yana kuma lissafin ko dare ya yi nisa. Shekara 20 ina cewa na san littafin, ashe rabinsa na sani, kuma rabin da na samu daga baya bai ɓata mini na farkon ba ko kaɗan.

Amma ina da tambaya gare ka, Baba. Wa ka zarga a naka ƙarshen, kuma ina littafin lissafin yake yanzu?

Tsohon Malami

Malama, na karɓi gyaranki. Likitan gidan na zarga, saboda ya cika ladabi, kuma shi kaɗai ne bai taɓa tambayar ƙarfe nawa aka yi kisan ba. Marubucin kuwa ya ɗora laifin a kan ƙanwar mamacin, wadda ni tausayinta nake ji tun shafin farko. Littafin lissafin yana nan, tawadar ta koma ruwan ƙasa amma tana karantuwa. Na ba jikata tsohon kwafin da ya tsaya a shafi na 176, ban nuna mata sabon ba, na ce ta rubuto mini nata ƙarshen kafin hutu ya ƙare. Jiya ta aiko mini da saƙo cewa ita mai binciken kansa take zargi.