Tambaya kan sa wa Hilux mai shan dizal manyan injekta

Mai Albasa, Aliero

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san injin dizal, musamman makanikai da direbobin da suka daɗe a kan hanya. Ina da Toyota Hilux ƙirar 2012 mai injin 2KD na lita 2.5, wadda nake kwaso albasa da ita daga gonaki zuwa kasuwa, wani lokaci kuma in bi da kaya ta Jega da Koko har Yawuri. Bara na yi mata gyare-gyare: an ƙara mata sifirin a baya, an sa mata tayoyin da suka fi nata na asali girma saboda yashin hanyoyin fadama, an canza salansa zuwa mai faɗi, sannan wani matashi mai aikin kwamfuta ya taɓa ƙwaƙwalwar motar domin ta riƙa ba injin mai fiye da da. Da farko na ji canji, amma tun shigowar bazara, da zarar ta yi lodi ta kama hawa sai ƙarfinta ya mutu, dole in dawo lamba biyu, ga baƙin hayaƙi har mai babur da ke bayana yana toshe hanci.

Wani mai sayar da kayan gyara ya ce mini maganin abin shi ne manyan injekta, kuma yana da masu zubar da ƙarin mai kashi 30 cikin ɗari da masu ƙarin kashi 50. Wanne ya dace da injina? Kuma shin nozul, wato bakin injektar da ke fesa man, kaɗai zan canza, ko injektar gaba ɗaya?

Tsohon Bakanike, Jega

Wa alaikumus salam, Alhaji. Amsar tambayarka tana cikin hayaƙin da ka ambata. Baƙin hayaƙi a injin dizal mai ne da ya shiga silinda bai tarar da isasshiyar iskar da za ta ƙona shi ba, saboda haka wanda ya sa wa irin wannan mota injektar da ta fi zubar da mai ya ƙara wa Barno dawaki ne kawai. Motarka ba yunwar mai take ji ba, numfashi ne ya yi mata kaɗan.

Kafin ka fitar da ko sisi, ka sa a cire matatar iska a ɗaga ta a rana. Motar da ta ci hunturu guda a hanyoyin gonaki, sau da yawa za ka tarar ƙura ta like matatar kamar an yaɓa mata ƙasa. A bi robobin da ke tsakanin turbo da intakula (mai sanyaya iskar kafin ta shiga injin) da hannu, domin tsaga ƙarama tana zubar da iskar da turbo ya sha wahalar matsowa, kuma alamarta ita ce danshin baƙin mai a gefen tsagar da ƙara kamar fito idan an taka. A duba bawul ɗin EGR, mai mayar da wani ɓangaren hayaƙi cikin injin, da bututun shigar iska, inda kunkunniya ke taruwa har ta rage hanya. Bayan haka a kai injektocinka huɗu kan injin gwaji a ga yadda suke feshi da yawan man da suke mayarwa tanki.

Shekarun baya an jawo mini wata Hilux mai injin 1KD wadda aka faɗaɗa wa ramukan nozul a wani gareji da ba zan ambata ba. Da na zaro sandar awon baƙin mai, ya wuce alama, ya tsinke, yana warin dizal. Da muka buɗe kan injin, fistin na uku ya tsage daga gefe zuwa gefe, farcena yana shiga cikin tsagar. Ramin nozul bai fi kaurin gashi biyu ba, kuma ba abu ne da ake taɓawa da hannu a bakin titi ba.

Malamin Kanikanci, Birnin Kebbi

Baba ya faɗi gaskiya game da iska, kuma ni ma nan zan ce a fara. Sai dai, tare da girmamawa, ba na son Alhaji ya tafi da fahimtar cewa babbar injekta ɓarna ce a kowane hali, domin tana da wurin da take amfani, kuma amfanin nata ba shi ne wanda masu sayarwa ke faɗa ba.

A injin 2KD, famfo yana tara mai a bututu guda da matsin da ya haura bar 1,000, ƙwaƙwalwar motar ce kuma ke yanke lokacin da kowace injekta za ta buɗe da tsawon lokacin da za ta zauna a buɗe. Wanda ya taɓa maka kwamfutar, mafi yawa abin da ya yi shi ne tsawaita wannan lokaci. To a nan lissafi ya shigo. Idan injin yana juyi 3,000 a minti, sandar kurankishaf, wadda fistin ke juyawa, tana tafiyar digiri 18 a cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Feshin da ya ɗauki kashi biyu bisa dubu ya cinye digiri 36 ke nan, kuma man da ya shiga a ƙarshensa ya tarar fistin ya riga ya yi nisa da gangarowa, sai ya ƙone a makare, ya zama zafi a salansa da turbo maimakon ya tura mota. Nozul mai ƙarin kashi 30 zai zuba wannan adadin man a cikin kimanin digiri 28. Ka ga aikinsa shi ne ya gajarta lokacin feshi, ba ya ƙara yawan mai ba, kuma hakan ba ya samuwa sai an sake tsara kwamfutar ta san da zamansa.

Idan ba a sake tsarin ba, komai zai ƙaru da kashi 30, har da ɗan ɗigon da injekta ke fara jefawa kafin babban feshi domin tausasa ƙarar injin. Shi ya sa za ka ji irin waɗannan motoci suna ƙwanƙwasa da safe, suna rawa a tsaye. Sannan kowace injektar kamfanin Denso ta wannan injin tana da lambobinta a rubuce a kanta, waɗanda ake shigar wa kwamfuta domin ta daidaita bambancin da ke tsakanin silinda da silinda. Wanda ya canza nozul kaɗai a kan tsohuwar injekta, tsofaffin lambobin sun daina aiki, sai an gwada ta an fitar da sababbi. Ka tambayi mai sayarwar ko zai ba ka takardar gwaji da lambobi. Amsarsa za ta nuna maka irin kayan da ke hannunsa.

A ganina, muddin turbo na asali ne a motarka, injektocin asali masu lafiya sun ishe shi, masu kashi 50 kuwa ba na injin da ke ɗaukar kaya ba ne. Kada a manta iskar Afrilu a nan, mai zafin digiri 40, ta fi ta digiri 20 rashin nauyi da kimanin kashi 6 cikin ɗari, wato tun kafin a je ko'ina bazara ta rage maka iska. Abin da zan so ka fara saya shi ne agogon awon zafin hayaƙi, a dasa shi kafin turbo, ka riƙa ɗaga ƙafa idan ya doshi digiri 700 a doguwar hawa.

Direban Zuru

Alhaji, ni ba ni da ilimin su Malam, amma akwai abin da ka faɗa da bakinka wanda ba a tsaya a kansa ba, wato tayoyin. Babbar taya tana tsawaita kowace giya, ta yadda hawan da kake yi a lamba uku da tayar asali yanzu sai ya nemi lamba biyu, ko da injin lafiyarsa ƙalau. Mu da muke bin tuddan ƙasar Zuru mun ga wannan. Sifirin da ka ƙara kuma ya hana bayanta zama ne kawai, bai canza cewa an ƙera ta don kayan da ba su wuce tan ɗaya da ɗan wani abu ba, kuma kulocin da birkin na nan yadda kamfani ya sa su. Duk ƙarfin da za ka ƙara wa injin, ta kan kuloci zai bi.

Sai maganar mai. Wanda ke sayen dizal a jarka wurin 'yan bumburutu idan ya matsu, ruwa da datti za su ci masa injekta ko ƙarama ce ko babba, don haka ka riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a ƙasan matatar mai.

Mai Albasa, Aliero

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bi maganar Baba, jiya muka wuni a gareji. Matatar iska ta toshe kamar yadda ya faɗa, kuma mun sami tsaga mai tsawon ɗan yatsa a ƙasan robar da ke fitowa daga intakula, a gefen da ido ba ya gani sai an kwanta a ƙarƙashin mota. A wurin gwaji injektoci uku sun fita lafiya, ta huɗun tana mayar da mai fiye da kima, an ce a canza ta da irinta ta asali, a sa sababbin wasoshin tagulla a duka huɗun, a shigar da lambobinta. Da sabuwar roba da matata kaɗai hayaƙin ya ragu sosai a hanyar Jega, ko da yake ban gwada ta da cikakken lodi ba tukuna.

Manyan injektocin na fasa su a yanzu. Tayoyin kuwa, Direba, ka yi haƙuri, sai bayan an gama kwasar albasa zan iya rabuwa da su. Malam, agogon zafin da ka ce, a wane wuri daidai ake huda masa, kuma dole ne sai an sauke turbo kafin a huda saboda ɓarɓashin ƙarfe?