Golf 3 ko Corolla: wacce ce motar mai iyali a ƙauye?

Baban Walid: Assalamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake, sai na amayar. Na sayar da riɗina, na haɗa da ɗan abin da na daɗe ina tarawa, na ce bari in sauka daga kan babur tunda yara sun kai huɗu, ga uwarsu da juna biyu. Na shiga Kano wurin wani dillali, na ce masa Golf 3 Wagon nake nema. Mutumin nan ya kalle ni sama da ƙasa a gaban yaransa, ya ce, "Malam, haya za ka yi?" Suka kwashe da dariya. Wai mai iyali Corolla yake hawa. To ni ina nan kan bakana: ga mutumin ƙauye irinmu na ƙasar Gumel, babu ƙaramar motar da ta kai Golf 3. Mai ja, ga fili ga mai doki.

Oga Bakanike: Wa alaikumus salam. Baban Walid, rabin maganarka gaskiya ce. Golf 3 ba ta da ɓoyayyen ciwo. Duk bakaniken da ke bakin tasha daga Gujungu har Maigatari ya san cikinta, kayanta kuma ko na Beljiyam ko sabo ba ka rasawa a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Giyar hannu ce, in batir ya mutu yara biyu su tura ka ta tashi. Amma ka tuna a 1991 aka fara ƙera ta, ko Wagon ɗin ƙarshe da ta fito daga kamfani ta haura shekara 25. Yawancin waɗanda ke yawo yanzu sun ci lodin kasuwa har sun gode Allah. In za ka saya, ka je da sassafe kafin a ɗuma injin, ka tashe ta da hannunka, ka tsaya bayan salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, tana shan baƙin mai. Ka buɗe murfin baƙin mai, in ka ga wani abu fari-fari mai kauri ya manne a ciki, ruwa na shiga inda bai kamata ba, ka yi gaba. Kuma ranar da ka biya, ranar za ka canza tamin bel, wato bel ɗin da ke daidaita tafiyar inji, kada ka yarda da "jiya na sa sabo".

Ɗan Lautai: A dakata tukuna. Baban Walid, wa kake kira mutumin ƙauye? Gumel ɗin ce ƙauye? Garin da ke da sarki mai daraja ta ɗaya? In kai daga ƙauye kake ka faɗi sunan ƙauyenku, kada ka shafa mana.

Baban Walid: Ni ƙasar Gumel na ce, ban ce cikin gari ba. Daga bakin kwalta zuwa gidanmu burji ne da yashi.

Ɗan Lautai: Ai ka ce "irinmu". Irinku su wa?

Bahaɗeje: Haba Ɗan Lautai, ka kwantar da hankalinka. Mu dai in muka zo Gumel, kafin mu gama gaisawa da 'yan tasha mun fita ta ɗaya ƙofar.

Ɗan Lautai: Kai da kowace damina sai kun nemi kwalekwale kake wa wani gori? Ku motar ma ba ta dame ku ba, jirgin ruwa ya kamace ku.

Bahaɗeje: Ruwan nan shi ke ba mu shinkafa da kifin da kuke zuwa saye. Kuma je ka tambaya wa ya tsaya wa Turawa a 1906.

Hedimasta: Allah ya ba ku haƙuri, a yi wa tarihi adalci. Masarautu biyar ne a Jigawa: Dutse, Haɗejiya, Gumel, Kazaure da Ringim. Babu wadda fadarta ƙauye ce, kuma kowace tana da ƙauyuka a ƙarƙashinta. Kalmar ƙauye ba zagi ba ce.

Bakano: Allah gafarta Malam, ka bar wahalar da kanka. Kafin Babangida ya yanke su a 1991 duk ƙarƙashinmu suke. Jigawa gaba ɗayanta ƙauyen Kano ce. Ko fitilar mota ce ta fashe sai sun zo mana.

Ɗan Lautai: Admin, ka ga wannan ko? Ko ya janye ko in fita.

Bahaɗeje: A kan wannan kam ina bayanka, Ɗan Lautai. Bakano, kai ma ai mun san daga wajen Wudil kake, birnin ma da rana kake ganinsa.

Bakano: Wudil da jami'a a cikinta?

Maman Hanan: Ikon Allah. Bawan Allah ya zo da maganar mota kun mayar da ita ta sarauta. Baban Walid, ni tambayata ɗaya: ka tambayi uwargidan? Ita ce za ta zauna baya da goyo da yara a zafin watan Afrilu. Golf ɗin da na sani a nan, gilashin baya da filaya ake ɗaga shi, ƙofa kuma sai an zura hannu ta waje. Mace mai ciki, in naƙuda ta taso ƙarfe biyun dare, ba motar turi take buƙata ba. Motar da za a murɗa makulli ta tashi take so. Ka duba ƙofofin baya suna kulluwa yadda yaro ba zai buɗe daga ciki ba, ka duba bel ɗin kujerun baya ba a yanke su ba. Duk cikinku babu wanda ya ambaci wannan.

Direban Maigatari: Hajiya, da girmanki, amma Golf ba ta ba da kunya. Duk Alhamis nake lodin kasuwar Maigatari, mutum biyu a gaba, huɗu a baya, buhu a but, akuya a kan buhu. Kawo Corolla ki yi mata haka ki ga ko za ta ga wata Alhamis ɗin. Corolla gindinta a ƙasa yake, kunyar gona ma sai ta kartar mata ciki.

Maman Hanan: To ai ka ƙarfafa maganar dillalin. Iyali ya ce zai ɗauka, ba akuya ba.

Kawu Na Tasha: Ni abin da ban gane ba, yara huɗu ga na biyar a hanya, da shi da matarsa bakwai ke nan, a mota mai kujera biyar. Ɗana, nemi Sharan ko Zafira, kujera bakwai ne. Kuma mutumin da riɗinsa ya yi kyau bana, baɗi wa ya sani, ko a samu ƙarin ɗaki.

Maman Hanan: Kawu, ka ji tsoron Allah. Mutum bai gama haɗa kuɗin taya ba ka fara yi masa lissafin lefe.

Kawu Na Tasha: Sunna ce, 'yata.

Maman Hanan: Ciyarwa ma wajibi ce.

Bakano: Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta taɓa 1,000, wa yake ba mai ƙaramin ƙarfi shawarar Sharan? Corolla shaƙar mai take yi, ba sha ba.

Direban Maigatari: Ka auna?

Bakano: Yayana yana da ita.

Direban Maigatari: To ni ma maƙwabcina yana da ita, kullum tana gareji.

Oga Bakanike: Ku biyun babu mai hujja. Shan mai ya danganta da lafiyar inji, da filogi, da iskar taya, da ƙafar direba. Abin da zan iya tsayawa a kai: injin 1.8 na Corolla ta 2003 zuwa 2008 sarƙa gare shi ba bel ba, yana da juriya in ana yi masa juye kan lokaci da mai mai kyau. Amma yawancin na Amurka atomatik ne, ba a tura su, kuma in fitilar inji ta kama sai an nemi mai kwamfuta. Baban Walid, tsakaninka da mai kwamfuta tafiyar nawa ce? Amsar nan ita ce za ta zaɓa maka mota.

Ɗan Lautai: Akwai masu kwamfuta a Gumel. Na faɗa ne don masu cewa ƙauye.

Baban Walid: Ni dai har yanzu babu wanda ya ce min dillalin nan bai kyauta ba.

Alhaji Mai Motoci (Admin): Jama'a ya isa haka, zan rufe. Na bi duk abin da aka rubuta, ga abin da aka tsaya a kai. An yi ittifaƙi Golf 3 ta tsufa, Oga Bakanike da bakinsa ya faɗa, Hajiya ta tabbatar. An kuma yarda injin Toyota ya fi juriya. Matsalar but da tsayi da Direba ya kawo, maganinta Vibe: sunan Pontiac ne a jikinta amma tagwayen Toyota Matrix ce, a Kalifoniya aka haɗa ta, injinta na Corolla ne, kujerun baya suna kwantawa ka zuba buhunanka. Sai takardu. A Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa na tudu, don haka duk wanda ya ce maka ga wata mai araha ta ɓullo ta daji, ka nemi takardar kwastam, ka gwada lambar shasi da ta jikin takarda harafi da harafi. Ka sayi mota wurin wanda ke da fili da allo, wanda gobe za ka same shi. Dillali bai kyauta dariya ba, amma shawararsa na kan hanya. Baban Walid, akwai Vibe biyu masu tsafta a wurina, ka same ni ta gefe.

Direban Maigatari: Alhaji, yaushe aka yi ittifaƙin? Vibe ɗin ma ai ba wanda ya ambace ta sai kai, kuma ita ma kujera biyar ce.

Ɗan Lautai: Kuma Bakano bai janye ba.