Teburin tarihin ayyukan manhaja ya yi nauyi, bincike yana jinkiri

Maikoyo:

Assalamu alaikum. Ina kula da wata manhaja da ke adana duk abin da mai amfani ya yi, kamar shiga, sauya kalmar sirri da biyan kuɗi, a tebur guda cikin rumbun bayanai na PostgreSQL. Teburin ya haura layi miliyan 30, kuma shafin da ke nuna wa ma'aikata ayyuka 50 na ƙarshe na mutum ɗaya yanzu sai an jira shi daƙiƙoƙi da dama. Akwai fihirisa (jerin da ke hanzarta bincike) a kan user_id, wato lambar mai amfani, akwai wata daban a kan created_at, wato lokacin da aka yi aikin, amma jinkirin yana nan, ya ma fi tsanani a shafukan can baya. Shin in nemi a ƙara wa sabar ƙarfi, ko akwai abin da ya kamata in fara dubawa?

Tsohon Hannu:

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka taɓa sabar tukuna; ka fara sanya EXPLAIN (ANALYZE, BUFFERS) a gaban umarnin, domin rumbun ya nuna maka hanyar da yake bi. Da fihirisa biyu a rarrabe, yawanci ɗayan biyu ne. Ko dai ya bi ta user_id, ya kwaso dukan layukan mutumin, ya jera su bisa lokaci, sannan ya zubar da duka in ban da 50. Ko kuma ya bi ta created_at daga sabo zuwa tsoho, yana watsi da layukan wasu har sai ya tara 50 na wanda ake nema. Hanya ta biyu ita ce mai cutarwa idan mutumin ya daɗe bai shiga ba, kuma za ka gane ta da babban adadi a gaban Rows Removed by Filter.

Maganin shi ne fihirisa ɗaya mai haɗa ginshiƙai biyun, user_id a gaba, created_at a bayansa, domin a nan layukan kowane mutum suna wuri ɗaya, a jere. Ka gina ta da CREATE INDEX CONCURRENTLY, in ba haka ba rubutu a teburin zai tsaya har a gama.

'Yar Rumbu:

Na yarda da bayanin Malam, sai dai bai taɓo shafukan baya ba, kuma ina kyautata zaton OFFSET, umarnin tsallake layuka, kake amfani da shi. Idan ka rubuta OFFSET 100000, dole rumbun ya bi ta kan layuka 100000 ɗin kafin ya ba ka na gaba, komai kyan fihirisarka. Maimakon haka, ka riƙe created_at da id (lambar layi) na layin ƙarshe da aka nuna, ka nemi layuka 50 da suka girme shi. Amfanin id shi ne raba ayyukan da suka faru a lokaci guda, don haka ka sa shi na uku a fihirisar.

Tun da teburin ƙaruwa kawai yake yi, ka yi tunanin raba shi wata-wata, abin da PostgreSQL ya sauƙaƙa tun fitowa ta 10 a 2017. Ba shi zai warkar da wannan shafin ba, amma ranar da za ka share tsohon tarihi, jefar da ɓangaren wata guda ya fi DELETE sauƙi nesa ba kusa ba.

Maikoyo:

Na gode, Malam da Malama. Hanya ta biyu na tarar, kuma OFFSET ne a shafin. Wani ya ba ni shawarar wata irin fihirisa mai suna BRIN saboda ƙanƙantarta. Shin za ta maye gurbin waccan mai haɗa ginshiƙai?

Tsohon Hannu:

Ba za ta maye ba. BRIN tana riƙe mafi ƙanƙanta da mafi girman ƙima ne kawai na kowane rukunin shafukan ajiya 128 na faifai, don haka tana aiki a ginshiƙin da ya bi tsarin ajiya a faifai, irin created_at, misali wajen rahoton ayyukan mako guda. Layukan mutum ɗaya kuwa a warwatse suke ko'ina cikin teburin. Bayan ka gina sabuwar, ka duba pg_stat_user_indexes, inda rumbun ke nuna yawan amfani da kowace fihirisa. Idan ba a ƙara amfani da tsohuwar ta user_id, ka cire ta, domin kowace fihirisa tana ƙara wa rubutu nauyi.