In mushen lakkwal bai yi wa ɗanka ba, kana da ikon cewa a canza shi? Iyaye a Tawa sun ja daga

Alhaji mai kayan gini: Salamu alaikum iyaye. Ɗiyata tana Terminale D, ajin ƙarshe na lise, bana za ta zauna jarabawar bak. Tun da aka koma lakkwal a Oktoba, fashin mushensu na lissafi ya fi zuwansa yawa. Ran da ya zo kuma, ya cika allo da rubutu, ya ba su baya har a buga ƙararrawa. A lisen akwai Terminale D biyu, mushen ɗaya ajin kowa yabonsa yake. Na je wurin provizer, shugaban lisen, na ce a maida ta can, ya ce wai ba a zaɓen malami kamar ragon Layya. Ni kuwa na ce uban da ke sayen littafi, yake biyan kuɗin kwamiti, yana da haƙƙin a canza wa ɗansa malami. Wa ke da ja?

Mushe mai ritaya: Ni ke da ja, Alhaji. Haƙƙin kai kuka kana da shi, na zaɓe ne ba ka da shi. Ba provizer ke ɗaukar malami ba. Ma'aikatar ilimi ke turo shi ta hannun daraktan ilimi na jaha, sansar, mataimakin provizer, ya raba azuzuwa da awowi tun farkon shekara. Dokar tsarin ilimi, LOSEN, ta 1998 ta ce ilimi haƙƙin kowane ɗan Nijar ne. Ilimi ta ce, ba malamin da ransa ke so ba. In aka maida ɗiyarka yau, gobe sauran iyaye su yi layi ƙofar ofis, a zuba aji biyu cikin ɗaki guda, alhali tuni uku-uku suke zaune kan benci.

Ɗalibi a Jami'ar Djibo Hamani: Baba Mushe, a gafarce ni, amma ai ana canzawa. A gabanmu aka yi. Ɗan wani babba ya kwana a ajinmu, ya wayi gari a ɗaya ajin, ba takarda ba komai, waya kawai aka buga. Dokar "ba a zaɓe" a kan ɗan talaka kaɗai take aiki. Ko a hana kowa, ko a buɗe ƙofa a rubuce: ga dalilan da ake karɓa, ga wanda ake rubuta wa, ga ranar da za a ba ka amsa.

Mushe mai ritaya: Wannan ɓarna ce, ɗana, ba hujja ba.

Ɗalibi a Jami'ar Djibo Hamani: Ɓarnar da ta daɗe har ta zama tsari, Baba.

Madam ƴar kwantaragi: Ku bari mu ma mu sa baki, tun da namanmu ake ci. Alhaji, ka tambayi inda mushen yake zuwa ran da bai zo ba? Ba ina wanke shi ba ne. Amma yawancinmu kwantaragi muke, in ɗan abin da ake ba mu ya makara, mai gidan haya ba ya jira. Shi ya sa za ka ga mutum yana gudun awowi a lakkwal mai zaman kanta. Sannan ku a cikin gari har kuna da aji biyu da za ku yi gardama a kai. Ku leƙa wajen Tilliya ko Tasara ku ga yadda ake neman malamin lissafi ko na fizik ido rufe. Can a canza da wa?

Inna, maigida yana Abijan: Madam, Allah ya ba ku haƙuri, amma ni tawa ta fi ta Alhaji ciwo. Yarona yana Seconde. Mushensu ya buɗe kur, wato darasin ƙari, a gidansa da marece, da kuɗi duk wata. Abin da aka yi a kur ɗin shi ke fitowa a jarabawar aji. Wanda ya biya maki ya hau, wanda bai biya ba ya sha ja. Uban yana can yana ɗaukar kaya, abin da ya aiko hatsi zan saya ko maki? A bak ba malaminka ke gyara takardarka ba, sunanka ma rufe shi ake yi. Amma wucewa daga Seconde zuwa Première makin aji ne, kuma yana hannun mutum guda. A nan ma kada in ce a canza?

Hajiya ta ƙungiyar iyaye: Inna, wannan ba ta canjin aji ba ce, ta ƙara ce, kuma da bakin ƙungiya za a kai ta, don kada a huce kan yaronki. Abin da ke ba ni haushi da mu iyaye, in an kira taron APE, ƙungiyarmu ta iyaye, ko na COGES, kwamitin kula da lakkwal, kujeru ne ke sauraronmu, sai abu ya taɓa ɗan mutum ya zo shi kaɗai yana faɗa. Alhaji, kowane aji yana da littafin darussa, inda malami ke rubuta abin da ya koyar da kwanan wata ya sa hannu, sansar yana dubawa. In fashi yake yi, shafukan za su faɗa. Mu nemi a buɗe shi gaban provizer, mu rubuta takarda mu sa hannu mu da yawa, a nemi mai ba malamai shawara ko sufeto ya zo ya zauna cikin ajin. "Ɗiyata ba ta gane shi" magana ce mai saurin kashewa. "Ga babin da ba a taɓa ba, ga ranakun da babu sa hannu" ba mai iya kashe ta.

Alhaji mai kayan gini: Hajiya, kafin sufeto ya zo an gama bak. Takarda ta hau, takarda ta sauko, ɗiyata ce za ta maimaita shekara, ba COGES ba.

Madam ƴar kwantaragi: Wuri guda ne zan bi bayan mai cewa a raba su nan take: in malami yana neman yarinya, ko yana tsorata ta da maki. Tun Disamban 2017 akwai dokar gwamnati ta kare ƴa mace da ke karatu. Nan ba a jiran taro.

Mushe mai ritaya: Ko a nan, Madam, malamin ake ɗagawa, ba yarinyar ba. In ka fidda ita kaɗai, ka bar masa sauran. Abin da nake ta nuna wa Alhaji ke nan: ya tsamo tasa, ƴaƴan da iyayensu ba su san hanyar ofis ba su ci gaba da kallon ƙeyar mushe.

Alhaji mai kayan gini: Na ji, Mushe, kuma ba ƙarya ka faɗa ba. Amma ranar sakamako ba wanda zai tambaye ni ɗiyan wasu.

Hajiya ta ƙungiyar iyaye: To Asabar bayan la'asar, a farfajiyar lisen. Duk mai yaro a ajin ya zo da littafin lissafin ɗansa, mu gwada da na ɗaya ajin mu ga ina kowa ya tsaya. Inna, ki zo, taki ma za ta shiga takardar, ba tare da sunan yaron ba.

Alhaji mai kayan gini: Zan zo, zan sa hannu. Amma Litinin da safe ina ƙofar provizer, maganar canjin aji ban janye ta ba.