Fayafayan CD na karatun Baba sun fara ƙin buɗewa

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Jidda, taimako nake nema.

Karatun tafsirin marigayi Babanmu, Allah Ya jiƙansa, tun yana kan kaset muka juye shi a fayafayan CD-R, masu ɗaukar minti 80 ɗin nan. Yanzu wasu sun fara ba ni tsoro. Farkon karatun yana fita lafiya lau, amma idan ya kusa ƙarshe sai ya riƙa tsallake, can kuma kwamfutar ta tsaya cak. Tunda daga tsakiya ake rubuta faifai zuwa gefe, ina zaton gefen ne ya lalace. Wasu ma sun yi ɗigo-ɗigo ta saman, kuma a CD-R rubutun yana dab da saman ne, ba ƙasan da muke ta lallaɓawa ba.

A cikin akwati suke, a ɗakin da ba ya samun AC. Zafin Jidda da laimar teku kuwa kun san su, rinin da ke riƙe da rubutun a cikin faifan ba ya jure su.

Na goge da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa waje, na gwada wata kwamfutar, duk ɗaya.

Akwai manhajar da ke rage gudun karantawa ta ciro abin da ya saura? In an samu ciro shi, M-Disc (faifan da aka yi don ajiya mai daɗewa) zan saya ko hard disk biyu ya fi? Kaset ɗin asali sun ɓata, waɗannan kaɗai suka rage mana.