Aikin gyara koyar da kimiyya a jami'a: daga ina ake farawa, ina kuma yake kai mutum?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, malamaina. Idan aka ɗauki mai digirin digirgir a wani fannin kimiyya, aka ce aikinsa shi ne taimaka wa sashe ya gyara yadda ake koyar da 'yan shekarar farko, daga ina zai fara? Kuma aikin yana kai mutum ga ƙarin girma, ko hanya ce da ba ta ɓullewa?

Malamin fiziks: Wa alaikumus salam. Kada ya taɓa komai a zangon farko sai ya auna. Mu a fiziks muna da gwajin FCI wanda Hestenes da abokan aikinsa suka fitar a 1992, tambayoyi 30 ne a sigar da ake amfani da ita yanzu, duk kan ƙarfi da motsi, babu lissafi a ciki. A ba ɗalibai a makon farko, a sake ba su a makon ƙarshe. Sai a mayar da makin bisa ɗari, a cire na farko daga na ƙarshe, a raba da abin da ya rage musu su kai ɗari tun da fari. Aji ya fara da 40 ya ƙare da 55, ka ga 15 a raba da 60, ya ba ka 0.25, wato sun cike kwata na giɓin da suka fara da shi. Richard Hake ya tattara irin wannan lissafi a 1998 daga kwasa-kwasai 62, ɗalibai sama da 6,000: ajin lacca zalla ya tsaya wajen 0.23, ajin da ake sa ɗalibai aiki ya kai wajen 0.48.

Abu biyu ke lalata awon. Na farko, a bar takardar gwajin ta fita hannun ɗalibai, shekara mai zuwa sun haddace amsa. Na biyu, a haɗa makin duk wanda ya zauna, alhali raunanan sun janye kafin ƙarshen zango, sai sakamako ya yi kyau na ƙarya. A lissafa waɗanda suka yi gwajin duka biyu kawai, a rubuta adadin waɗanda suka fita daban.

Malamar bayoloji: Gaskiyar Malam ce. Bayan awo, hanya mafi sauƙin shigarwa a babban aji ita ce wadda Eric Mazur ya fara a Harvard a farkon shekarun 1990. Ka yi bayani na minti goma, ka jefa tambaya ɗaya mai zaɓi huɗu, kowa ya yi shiru minti ɗaya ya zaɓa shi kaɗai. Ba sai da na'ura ba. Takarda ɗaya mai haruffa huɗu da ɗalibi zai naɗe ya riƙe a ƙirjinsa ta wadatar, na bayansa ba ya gani, kai kana gani. In waɗanda suka dace sun kai kashi 30 zuwa 70, ka ce kowa ya juya ga wanda amsarsu ta bambanta, su yi minti biyu, a sake zaɓe. In ba su kai 30 ba, tattaunawa ɓata lokaci ce, makaho ba ya yi wa makaho jagora, koma ka sake bayani. In sun haura 70, faɗi dalili ka wuce.

Wahalar duk tana wajen rubuta tambayar. Amsoshin da ba daidai ba dole su fito daga bakin ɗalibai, ba daga kanka ba. Ka tambaye su a rubuce: daga ina bishiya ta samu yawancin nauyinta? Za ka tarar da yawa sun ce daga ƙasa, kaɗan ne za su ambaci iskar da ganye ke shaƙa. To wannan "ƙasa" ita ce za ta zama zaɓinka na biyu. Kuma kada ka nuna sakamakon zaɓen farko kafin su tattauna, don kowa zai bi inda jama'a suka fi yawa.

Malamin kemistiri: Ƙari kaɗan, Malama. A shirya wa ƙorafi. Binciken Deslauriers na 2019 a Harvard ya nuna ɗaliban da aka sa su aiki sun fi cin gwaji, amma suna jin kamar sun fi ƙaruwa a lacca. Wannan yana fitowa a takardar da suke tantance malami, kuma ita kwamitin ƙarin girma ke karantawa. A ranar farko a gaya musu dalilin tsarin, a kuma sa irin tambayoyin aji cikin jarrabawa. In aji na tunani ne jarrabawa ta hadda, ɗalibai sun gama yanke hukuncin cewa hadda ce ke da amfani.

Tsohon shugaban sashe: Bari in taɓa ɓangare na biyu na tambayar, don nan ne ake cutar matasa, kuma abin yana damuna. Samfurin da aka fi sani shi ne na Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel a fiziks a 2001, ya kafa PhET, shirin gwaje-gwajen kimiyya na kwaikwayo a kwamfuta, a 2002, sannan ya jagoranci shirin gyara a Jami'ar Kolorado da Jami'ar British Columbia. Abin da suka yi shi ne ɗaukar masu digirgir a fannin kansa, a horar da su kan koyarwa, a zaunar da su cikin sashe, ba a wata cibiya can gefe ba. Dalili a fili yake: farfesan kemistiri ba ya sauraron wanda bai san kemistiri ba.

Amma irin wannan gurbi na 'yan shekaru ne. Kafin a sa hannu a nemi abu uku a rubuce: kaso nawa na lokaci ne koyarwa, nawa ne taimakon wasu malamai, nawa ne bincike; ko maƙala kan koyarwa za ta shiga lissafin ƙarin girma daidai da ta ɗakin gwaje-gwaje; da wanda zai tantance aikin. Alkawarin baki yana tafiya da shugaban da ya yi shi. Daga nan hanya uku na gani tana ɓullewa: muƙamin koyarwa na dindindin, kamar yadda British Columbia ke da matakin da ke kaiwa har farfesan koyarwa; aiki a cibiyar horar da malamai; ko zama mai binciken koyar da fannin. Komawa binciken ɗakin gwaje-gwaje bayan shekara uku ko huɗu babu wallafa yana da wuya ƙwarai, a san da wannan tun farko.

Kuma a nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike kafin a tattara makin ɗalibai. Mutane da yawa sai sun tara bayanan shekara biyu suke gane mujalla ba za ta karɓa ba.

Mai horar da malamai: Ranka ya daɗe, saura abu ɗaya: gyaran ya rayu bayan mai shi ya tafi. Binciken Henderson da abokansa na 2012 ya gano kusan kashi ɗaya cikin uku na malaman fiziks da suka gwada irin waɗannan hanyoyi sun daina. Karanta wa taron sashe cewa Freeman ya haɗa bincike 225 a 2014 ya ga faɗuwar ɗalibai ta sauko daga kusan kashi 34 a ajin lacca zuwa 22 a ajin da ake sa su aiki yana buɗe ƙofa, amma ba ya riƙe mutum a mako na biyar da aji ya yi tsit. Abin da ke riƙe shi shi ne wani ya zauna a bayan aji da takardar lura da aji da ake kira COPUS, duk minti biyu ya yi alamar abin da malami ke yi da abin da ɗalibai ke yi, a ba malamin a hannu shi kaɗai, kada ta je ofishin shugaba. In ta je sau ɗaya, ba wanda zai ƙara barinka ka shiga ajinsa.

Sannan kowane kwas ya kasance da jakarsa a kwamfutar sashe: manufofin darasi, tambayoyi da kason waɗanda suka dace a kowace shekara, da 'yar takarda kan abin da ya ƙi aiki. Wanda zai gaji kwas ɗin ya koyar zango ɗaya tare da mai barinsa, a kuma lissafa wa su biyun a matsayin cikakken aiki.